Tuba da Makirufo

Ba a kai ga addu'ar tashi ba Auta ta baro coci. Ta banko ƙofar kicin, ta tuge ɗankwali ta jefa kan buhun fulawa, ta tsaya tsakiyar ɗakin tana huci, ta rasa abin da za ta fasa. Duk abin da ke kicin ɗin nan kayan sana'arta ne, kek take gasawa tana sayarwa, kwanon da ta fasa yau shi za ta nema gobe. Sai ta hamɓare kujerar roba, wadda ba ta yi mata komai ba.

Mama ta shigo bayanta tana haki, jaka a hammata, tana cewa kowa ya ga fitarta, ko don idon Fasto ai da ta daure an ƙarasa.

"In daure? Mama, mahaifata fa aka ɗora a lasifika."

Mama ta ajiye jakarta. Ta ɗaga kujerar ta zauna a kai.

Ga yadda abin ya samo asali. Auta da Dogo mai gyaran firji sun daɗe suna soyayya, har an fara sanarwar aurensu a coci. Dogo yana da yaya, ma'aikaciyar jinya ce, kowa na ce mata Anti Nas. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ke yanke magana a gidan, tsohonsu sai dai ya gyaɗa kai. Rana tsaka ta sami tsohon ta ce masa da idonta ta ga Auta kwance a asibitinsu, ciki aka zubar mata. To wa zai musa wa nas? Tsoho ya je wurin dattawan coci ya ce a dakatar da sanarwa. Aka dakatar, aka kuma ce Auta ta ɗan huta daga cikin mawaƙa, wai sai an yi bincike. Binciken da ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsa.

Gaskiyar magana, an kwantar da Auta a asibitin, amma ƙari ne aka cire mata a mahaifa. Likita ya ce za ta iya haihuwa, sai dai wataƙila da jinkiri. Da ta so wanke kanta, da ta kira likitan gaban dattawa, amma sai ta tona abin da take rufewa. Ta haɗiye, ta ci gaba da zuwa coci tana zama a layin baya, tana jiran Allah ya yi ikonsa.

Yau kuwa aka yi wa'azi mai zafi a kan furta zunubi. Da aka ba da lokacin shaida, Anti Nas ta fito tana kuka, Fasto ya miƙa mata makirufo. Ta fara da maimaita ƙaryar dalla-dalla, don waɗanda ba su ji ba su ji. Sannan ta ce ƙarya ce, ta faɗi ainihin ciwon, da irin aikin da aka yi, da abin da likita ya ce. Ta ce tsoro ta ji kada ƙaninta ya auro wadda ba za ta haihu ba. Coci ta ɗauki Halleluya, mata suka fito suka rungume ta, mai ganga ya saki kiɗa, samari suna ɗauka da waya. Anti Nas ta koma mazauninta fes, kamar wadda ta fito daga wanka. Ita kuwa Auta, kawuna ne suka juyo layin baya, kuma ba fuskarta ake kallo ba.

Satin nan Auta ta ga mutane iri-iri. Ƙofar kicin ta zama kamar ta masu gaisuwar rashi. Wannan ta zo da sunan wani magani da ya yi wa 'yar ƙanwarta aiki, waccan ta ce akwai wadda aka yi wa irin aikin nan ta haifi tagwaye, wata kuma ta ce a'a, tata maƙwabciyar har yau shiru. Matar da ta zo karɓar kek ɗin zagayowar haihuwar ɗanta sai da ta ƙare wa cikin Auta kallo kafin ta kalli kek. Kuma duk wadda za ta fita, maganarta ɗaya ce: ai baiwar Allah ta tuba, saura ke ki yafe.

Ita mai tuban ba ta tako ba. Saƙo ta turo a waya, hoton farar kurciya, an rubuta a ƙasa, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Auta ta daɗe tana kallon "mana" ɗin nan. Ranar nan ƙwai ya sha bugu har ya wuce yadda ake so.

Ana cikin haka Dogo ya zo, da rigar aikinsa mai tabon mai, fuskar nan wasai. Ya jingina da ƙofa ya ce ya zo da albishir: Baba ya sauko, ya ce a ci gaba da sanarwa. Abu ɗaya kawai ya roƙa, a fara kai ta wurin wani likita ya duba, don hankalin kowa ya kwanta.

"Ƙaramin abu ne, bebi. Fomaliti ne kawai, don cika ƙa'ida."

Auta ta ajiye ludayin. A hankali ta fara, kuma duk wanda ya san ta ya san wannan a hankalin ya fi ihu haɗari.

"Ranar da aka shiga da ni tiyata, wa ya zauna a benci yana jira?"

"Ni ne."

"Wa ya riƙe mini jaka da aka sallame ni?"

"Ni ne mana, Auta."

"Da babanka ya kira ka ya ce ga abin da yayarka ta gani, me ka ce masa?"

Dogo ya sosa ƙeya. Ya ce ai ita ce ta sa shi ya yi alkawari ba zai gaya wa kowa ciwonta ba, shi kuma mutum ne mai riƙe alkawari.

"Cewa na yi kada ka faɗi ciwona. Yaushe na ce kada ka ce ƙarya ne? Baki ɗaya za ka buɗe ka ce, Baba, ina wurin, ba haka ba ne. Shi ke nan. Ka kasa."

Ya ce ta fahimce shi, Yaya ce ta goye shi, ta yi masa wanka, ta kai shi makaranta, ta yaya zai ƙaryata ta a gaban Baba? Ya ce shi dama ya san gaskiya za ta fito, ga shi kuwa ta fito, me ya yi saura?

Nan fa Auta ta saki. Ta ce gaskiya ta fito, amma ita aka tuɓe a kasuwa kafin ta fito. Ta ce wata da watanni tana zama layin baya kamar mai cuta, shi yana gaba yana karɓar kuɗin baikon coci da ɗan kwandonsa, yana yi mata murmushin ɓoye kamar ɓarawo. Ta ce yanzu kuma a kai ta a duba, kamar firjin da aka sayo na hannu, a ga ko yana sanyi. Ta murza zoben alkawari daga yatsa, fulawa ta sa ya fita da sauƙi, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Koma ta ci gaba da goyonka. Ni miji nake nema."

Ya tsaya yana sori, sori. Ta rufe ƙofa a kan sori na uku.

Washegari da hantsi Fasto ya zo da kansa. Tsoho ne mai sanyin magana, irin wanda ko faɗa zai yi sai ya fara da godiya. Mama ta yi ta kai da kawo tana neman kujera mai kyau, ya ce a bar shi nan kusa da murhun gashi, ƙamshin ya yi masa. Ya ce dattawa sun zauna, suna ganin zai yi kyau ran Lahadi, kafin Jibin Ubangiji, Auta ta fito gaba ta rungume Anti Nas, jama'a su ga an shirya, a mayar da ita cikin mawaƙa.

Mama ta yi mata ido, amma Auta ba ta ga ido ba. Ta ce a gafarce ta, ita ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce. Ta ce tun tana ajin yara a cocin nan aka koya musu cewa kafin mutum ya kai baikonsa gaban Allah, ya fara zuwa wurin wanda ya ɓata wa. Gidansu bai tashi daga inda yake ba, Anti Nas ta san hanya, ta sha zuwa karɓar kek kyauta. Ta ce an yanke ta a ɓoye, an zo an buɗe ciwon a bainar jama'a, aka tafa wa mai wuƙa, yanzu kuma ita ake jira ta fito ta ƙarasa musu shagali.

"Ita ta yi zunubi, Baba Fasto, ita ta sami tafi. Ni na sami masu kallon cikina."

Fasto ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"'Yata, ni na miƙa mata makirufon nan. Tun a tsakiya na gane inda maganar ta nufa, ina kusa da ita, da na sa hannu na karɓe. Amma na ga jama'a na kuka, wa'azina ya kama, abin ya yi mini daɗi, sai na bari. Wannan zunubina ne, a kanki na yi shi. Ki gafarta mini."

Auta ta shirya wa musu, ta shirya wa ayoyi, ta shirya wa a ce mata mai taurin zuciya. Wannan ce kaɗai ba ta shirya wa ba. Ta tsaya da kwano a hannu. Da kyar ta ce ta yafe, kuma ta yi mamakin yadda abin ya fito ba tare da an ja shi ba.

Kafin ya tashi ya ce mata maganar runguma a gaban jama'a ta mutu, shi zai gaya wa dattawa. Ya ce gafara kam bashi ce Ubangiji yake bin ta, ba zai yi mata ƙarya ba, amma ba wanda zai sa mata rana. Aure kuwa magana ce dabam, ana iya yafe wa mutum ba a aure shi ba. Daga nan ya ce akwai gidan da zai biya.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, Anti Nas ta zo ita kaɗai, da farin kayan aikinta. Ta tsaya bakin kicin ta ce Fasto ne ya ce ya kamata ta zo, ko da yake ita ta san Allah ya riga ya gafarta mata, ta ji a jikinta tun ranar, amma dai don a cika.

Don a cika. Akwai wata magana da duk unguwa ta sani ba mai faɗa: Anti Nas ta taɓa aure, dangin miji suka koro ta don ba ta haihu ba. Auta ta ga maganar nan kwance a gabanta, ta san bai kamata ta ɗauka ba, ta ɗauka.

"Ke da aka koro ki da kayanki a buhu don kin kasa haihuwa, ke ce mai awon mahaifar mutane? Da kin fara duba taki."

Mama da ke tsakar gida ta ce, "Auta!"

Anti Nas ba ta rama ba. Ta dafa bango, ta zame ta zauna a ƙasa, cikin garin fulawa, da farin kayan nan nata. Ba ta yi kuka irin na coci ba. Muryarta ma ba ta fita sosai, sai da Auta ta kashe injin kwaɓi sannan ta ji ta.

"Kin san me ya sa na yi a coci? Ya fi sauƙi. Can in na yi kuka za a rungume ni. Nan ke kaɗai ce, ke kuma kin san abin da na yi."

Ta ce ko a cocin ma ƙarya ta ƙara. Ba tsoron rashin haihuwa ba ne ya sa ta. Ranar aikin tana wucewa ta ga ƙaninta zaune a benci, ya haɗa kai da gwiwa yana addu'a, ko abinci ya ƙi ci. Ita sau nawa aka kwantar da ita a gidan mijinta, ba wanda ya taɓa zama mata a benci. Baƙin ciki ne ya kama ta, tsabarsa, ta kai baƙin cikin gida ta ɗinka masa rigar ƙarya.

"Na yi miki ƙazafi. Na tona asirin mara lafiya, abin da na yi rantsuwa ba zan yi ba. Na ɗauki tuba na sake yanka ki da shi. Yau da safe na gaya wa shugabarmu a wurin aiki, ta ce in zauna a gida sai sun yanke hukunci. Ban zo ki ce kin yafe ba. Na zo ne ki ji daga bakina."

Ta tashi ta kaɗe zaninta, ta gai da Mama, ta fita.

Mama ta shigo tana tattara kwanuka kamar ba komai, can ta tambaya, maganar da aka faɗa wa baƙuwa fa? Auta ta ce ta cancanta, har ma da ƙari a kai.

"Ta cancanta," in ji Mama. "Amma bakinki ne ya faɗa, kuma shi za ki buɗe ki yi addu'a."

Auta ta yi kwanaki tana faɗa da maganar nan. Ta kawo wa kanta hujja ta fi a ƙirga: ita aka fara yi wa, nata a ɗaki ta faɗa ba a lasifika ba, kuma gaskiya ce ba ƙarya ba. Duk hujjar da ta kawo tana tsayawa daram, sai ta durƙusa za ta yi addu'a ta ga fuskar matar nan lokacin da take zamewa jikin bango. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ta san ta ji daɗin faɗar. Ta nemi inda ya fi ciwo ta soka, kamar yadda aka yi mata.

Wata safiya ta yafa gyale ta nufi gidan su Dogo, tana tafe tana zagin ƙafafunta. Ta sami tsohon a kujerarsa bakin ƙofa. Ya amsa gaisuwarta yana kallon ƙasa, ya ce yaron nan ya tsare shi shekaran jiya, ya faɗa masa maganganun da bai taɓa jin irinsu daga bakinsa ba. Ya ce maganar likita a bar ta, shi ya yi kuskure. Ya nuna mata ɗakin 'yarsa da haɓa.

Anti Nas na zaune bakin gado tana ninke kaya. Auta ta tsaya. Duk hanya ta tsara maganar tsaf, da gabatarwa, da "ko da yake", da "ke ma dai kin sani". Da ta buɗe baki sai ta ji kowace ɗaya kurciya ce a waya. Ta watsar da su.

"Abin da na faɗa miki mugunta ce. Da gangan na faɗa, don ya yi miki ciwo. Ki yafe mini, Yaya."

Ba ta taɓa ɗaukar kaya mai nauyin kalmomin nan ba. A lokacin ta gane abin da ya kai mutum ga makirufo. Anti Nas ta kama hannunta ta riƙe, suka zauna bakin gadon suka yi kukan da ba mai ɗauka a waya. Da suka lafa Auta ta ce ita ma ta yafe, amma kada a yi tsammanin gobe za ta zo suna tafa hannu, zuciya ba famfo ba ce. Anti Nas ta ce ko shekara za ta jira.

Dogo yana bayan gida, kansa cikin wani tsohon firji. Da ya ji takunta ya fito har yana buga ƙeya. Wannan karon bai ce bebi ba, bai ce sori ba. Ya ce ba alkawari ya riƙe ba, tsoro ya ji, ya sami alkawarinta ya ɓuya a baya. Ya ce yana kallo aka mayar da ita layin baya, ya zaɓi zaman lafiyarsa a kan mutuncinta, kuma ya san da haka tun a lokacin. Ya ce yanzu ya gaya wa Baba cewa shi ma yana asibitin ranar aikin, ya gaya masa ko da haihuwa ko babu ita yake so, in kuma ta ƙi shi, shi ya jawo.

"Yanzu ka iya magana," in ji ta.

"Na makara."

"Ka makara ƙwarai."

Ta ce ta yafe masa, amma zobe ya ajiye tukuna, tana so ta ga ko bakin nan zai ci gaba da buɗewa ko na kwana biyu ne. Ta bar shi ya jira har sai da ya rame, abokansa suna tsokanarsa wai ya zama Siriri. Ta gan shi ya tare wata mai kawo maganin haihuwa a bakin coci ya mayar da ita da kayanta. Ta gan shi ya ce wa yayarsa a'a a gabanta, a kan wata ƙaramar magana, kuma sama ba ta faɗo ba. Sannan ta miƙa yatsa.

Aka ɗaura aure. Anti Nas, wadda aka mayar bakin aiki bayan gargaɗi mai zafi, ita ta gyara wa amarya mayafi a ƙofar coci. Maganar haihuwa kuwa suka bar wa Mai bayarwa, suka hana kowa sa baki.

Furta zunubi abu ne mai kyau, Allah kuwa mai gafara ne, ba ya korar mai tuba. Amma tuban da ya tsallake ƙofar wanda aka cuta ya tafi neman taro, sauke kaya ne a kan wanda ya riga ya gaji. A fara da Allah, a bi da mutumin da aka ɓata wa, a faɗi laifin da sunansa ba tare da ado ba, kuma kada a tona wani don a wanke kai. Wanda aka cuta shi ma ya duba bakinsa, don fushi mai gaskiya ma yana haifar zunubi.

Matan coci dai har yau abin na cin su, an shirya ba a gabansu ba. Ranar nan ɗaya daga cikinsu ta tare Auta bayan sujada, ta ce don Allah me Anti Nas ta faɗa mata a kicin, su ma su ji su yabi Ubangiji.

"Wa aka yi wa laifin?" in ji Auta.

"Ke mana."

"To, na ji."